Abin da Ban Gaya wa Lokotoro Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinki Sanusi Tela, nan Zango, zuwa ga Rakiya, takwarar mahaifiyata. Uwata, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Allah ya kai ki Bobo lafiya, ya tsare kar ɗin, wato bas ɗin da za ki shiga, daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya sa aikin nan ya zame miki alheri duniya da lahira.

Na san za ki yi mamakin takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki, wanda kuma ya yi kwana biyar yana amsa gaisuwarki da hanci. Dalilin shi ne bakina. Shekara arba'in da takwas muna tare, na san halinsa: duk maganar da ta yi nauyi, kafin ta fito ya mayar da ita abin dariya. Alƙalami ba shi da wannan saurin. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a allo na koyi riƙe alƙalami, bokon kuma a tsofaffin littattafanki na lakwal, makarantar boko, na tsince shi. Yau Alhamis, ina shago, keken ɗinki na hutawa ni ma ina hutawa. Innarki za ta sa takardar cikin akwatinki, sai kin sauka jibi za ki gan ta.

Ga abin da ba ki sani ba. Ranar da na roƙe ki ki sa baki a saka ni cikin gwajin sabon maganin tansiyo, wato hawan jini, da ake yi a asibitinku na nan, kin ce mini, "Baba, bara ka faɗi a shago, gefen fuskarka ya mutu yini guda. Kuma kullum da safe kana shan jiƙo. Dokar binciken ta ce mai ɗaya cikin biyun nan ba ya shiga, don maganin na iya cutar da shi." Na ce, "To wa zai gaya musu?" Kika ce, "Ni." Na ce ashe jandarma na haifa ban sani ba. Ba ki yi dariya ba.

To, na je da ƙafata, ranar da kika tafi sallamar gwaggonki a Sisin. Lokotoron, wato likitan gwajin, bai san ni ne mahaifinki ba, domin sunan da ke kan katina rabin Zango na da irinsa. Suka ɗebi jini, suka auna, suka ce in dawo. Da na koma ya tambaye ni ko na taɓa suma. Na ce sau ɗaya, ranar da na fara ganin matata. Ya yi dariya har da buga tebur, ya rubuta a'a. Ya ce ina shan wani abu na gargajiya? Na ce shayi, in shi ma ya zama laifi. Sun ba ni randebu ranar Litinin in fara karɓar magani.

Na dawo gida ina jin na ci ki da wayo. Sai da na zauna na ga abin da na ɗora miki. Ko ba jima ko ba daɗe za ki zo hutu ki ga kwalbar a ɗakina. Ranar nan ko ki kai ƙarar ubanki, ko ki yi shiru ki zama mai kula da bincike wadda ta san da ƙarya a cikin dosiye, takardun marar lafiya. Na san nauyin abin nan domin na taɓa ɗora wa wata mata irinsa. Labarin da ban taɓa ba kowa ba ke nan, har innarki.

Kina da wata takwas a duniya, muna tsohuwar unguwa tun ba a rushe ta an watsa mu ba, wasu likitoci suka zo gwada maganin zazzaɓin sauro. Mai irin aikin da aka ba ki yanzu wata Bamoshiya ce daga Larle, Madam Onorin. Ita ke rubuta wanda ya shiga da wanda bai cancanta ba, ita ke sa wa kowa ranar dawowa, ita ke riƙe makullin akwatin magani, ita ke amsa tambaya in manya sun zo duba takardu. Ba ta jin Hausa. Ta roƙi mai unguwa ya ba ta tafinta, shi kuwa ya nuna ni ya ce, "Ku ɗauki wannan, ko unguwa ta huta." Lokacin ni ne wanda ya ɗinke hannun rigar ladan ranar Juma'a, ni ne na zuba barkono a kwalbar kwallin wana. Ina jin Mosanci, ina da Faransancin bakin titi. Aka ba ni kujera kusa da Madam.

Kuskurena na farko a takardar yarda ne. Shafi uku ce. Madam za ta karanta a hankali, ta tsaya, ta dube ni. Ni kuwa rana ta yi zafi, layi ya yi tsawo, mutane kuma dariya suke jira daga gare ni. Akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, Iya Tabawa. Madam ta yi ta karatu har ta sha ruwa a tsakani, da ta gama na ce, "Iya, ta ce kin yi kyau, kuma ki dangwala nan." Iya ta ce, "Kai ɗan nema, duk wannan surutun shi ke nan?" Na ce, "Faransanci ne, Iya, ba shi da auki." Layi ya fashe da dariya. Madam ta yi murmushi, tana tsammanin na iya kwantar wa mutane hankali ne.

Cikin abin da na haɗiye akwai wurin da aka ce mutum na iya fita duk ranar da ya so, ba wanda zai riƙe shi. Iya Tabawa tana tsoron allura kamar mutuwa. Amma a saninta, dangwala yatsa a takardar gwamnati rantsuwa ce, wanda ya fasa ɗaure shi ake yi. Haka ta yi ta zuwa ana ɗiban jininta, tana rufe fuska da mayafi tana kuka ba sauti, ni ina gefe ina ce mata jarumar Zango.

Saboda haka ki ji, Uwata. "To" ɗin mutanenmu ba yarda ba ce. Ma'anarta na ji muryarki, ke babba ce, ina jin kunyarki. In kin gama bayani, kada ki ce "kin gane?", domin ba wadda za ta ce miki a'a. Ki ce ta maimaita miki da bakinta abin da za a yi mata, da abin da zai iya samunta, da abin da za ta yi in ta gaji. A Bobo Julanci ake yi, ke kuma Julancinki bai wuce sayen ayaba ba, dole ki jingina da tafinta. Ki riƙa auna tsawon maganarki da tsawon tasa. In kin yi magana mai tsawo ya yi gajera, ki tsayar da shi. In mutane suna dariya alhali ba ki faɗi abin dariya ba, ki nemi wani. Jimla ɗaya kuma ki haddace ta da Julanci kamar Fatiha, ki faɗe ta da bakinki ga kowa: kana iya fita ranar da ka ga dama.

Na biyu ƙarami ne a idona lokacin. Kin san mu ba a ci a gaban mutum a hana shi. Benga ce, wato shinkafa da wake, ko goro, sai an miƙa. To haka aka yi da maganin. Mutum ya karɓi na kwana uku, ya tarar matarsa na rawar ɗari, ya ba ta biyu. Maƙwabci ya leƙo, ya ba shi ɗaya. A majalisarmu ta shayi na ga ana ɓallar ƙwaya ana zagayawa da ita kamar sukari. Madam ta ce kowa ya dawo da fankon kwalin don ta ƙirga, ni kuma na bi gida gida ina ce musu su tabbatar ba saura. In ta tambaya sai in ce, "Sun shanye tas, Madam, mutanen Zango akwai biyayya." Tana rubutawa. Wanda ya sha rabi bai warke ba aka rubuta magani bai yi masa aiki ba. Ki daina tambayar mutum ko ya sha. Ki tambaye shi wa kuma ya sha a gidan, ki yi tambayar da sakin fuska, kamar mai tambayar lafiyar yara. In kika ɗaure fuska sau ɗaya, kin gama jin gaskiya a garin.

Na uku shi ne wanda ya sa na ajiye alƙalami na sake ɗauka har sau biyu.

Kawu Lawali, ƙanin mahaifiyata, mai goro. Ba ki san shi ba, amma shi ya yi miki huɗuba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya saya mini keken ɗinkin da nake kai har yau, bai kuma taɓa roƙona komai ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya ji ana maganin nasara, ya ce in kai shi. Madam ta tambaya ko ya taɓa ciwon hanta, ko yana shan wani magani. Kawu mutum ne mai gaskiya. Ya ce, "Gaya mata idona ya taɓa yin rawaya sau biyu, na kwanta wata guda. Kuma ina shan saiwa safe da yamma." Na san in na faɗa za ta sallame shi, domin na ga ta sallami wasu a kan haka. Ya dube ni irin kallon mutumin da ɗansa ya zama wani abu. Sai na juya na ce, "Madam, ya ce lafiyarsa ta fi ta doki, kuma yana neman mata ta uku in kina da ƙanwa." Ta yi dariya, ta rubuta, ta ba shi maganin.

Ranar dawowarsa bai zo ba. Madam ta tambaye ni, na ce ya tafi cin kasuwa Puitenga. Alhali yana kwance a ɗaki yana amai, idonsa kamar an ɗiga masa kurkum. Ina shiga ina fita ina ce wa kaina goro ne, gobe zai tashi. Tsoro nake ji, Rakiya. In na faɗa, ƙaryar farko za ta fito.

Kwana biyu ta jira. A na uku ta hau ɗan babur ɗinta mobilet ta shigo lungunmu cikin taɓon damina, tana tambayar gidan mai goro da Mosanci. Ban san wa ya nuna mata ba. Na dawo daga masallaci na tarar ta sa an fito da shi ana neman taksi. Ta dube ni sau ɗaya. Mako uku ya yi a asibiti. Ya tashi, amma bai sake ɗaukar huhun goro ba. Bayan shekara biyu cikinsa ya kumbura ya rasu. Ko maganin ne, ko saiwar ce, ko tsohon ciwonsa ne, ko duka ukun, ba lokotoron da ya iya gaya mini. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma abin da Kawu ya faɗa da abin da na faɗa, ni kaɗai na ji su duka biyun. Ya mutu yana sa mini albarka, yana cewa ni na kai shi inda aka cece shi.

Na zaci Madam za ta kira jandarma. Sai ta zaunar da ni a ofis, ta zuba mini zomkom, ruwan garin gero, a kofi, ta buɗe sabon littafi ta ce, "Sanusi, daga ranar farko. Me suka ce, me ka ce." Yini guda muka yi. Ta rubuta duka, ta sa hannu da sunanta, ta aika wa manyanta a ranar. Na ce, "Madam, in kin yi shiru ai ba wanda zai sani." Ta ce, "Wata rana za a ba yaran da ba su san ni ba maganin nan saboda abin da na rubuta." Ta samo wani tafinta, malamin lakwal, suka bi gida gida suna sake karanta takardar daga farko. Mutane da yawa suka fita, Iya Tabawa ce ta farko, ta kuma aiko a gaya mini kada in ƙara bi ta gaban kaskonta. Aikin damina guda ya zube. Madam aka ɗauke ta aka kai wani gari. Ban sake ganinta ba, ban kuma taɓa ba ta haƙuri ba, domin ranar da za ta tafi na ɓuya a Widi gidan abokina.

Daga nan ki ɗauki abu biyu. Wanda bai zo ranar randebunsa ba, kada ki karɓi labarinsa daga bakin danginsa. Dangi na da dalilansu, kuma mafi yawa ƙauna ce. Ki je ki gan shi da idonki, ko da taɓo ya kai gwiwa. Sannan in abu ya ɓaci, ki rubuta ki aika a ranar, tun kafin zuciyarki ta fara kawo miki dabaru. Na gwada jiran gobe, na san abin da ke cikinsa.

Na ga wahalar da kika sha kafin su kira ki da wannan dogon sunan da harshena ba ya iya ɗauka. Bak ta gama sakandare, sannan shekara uku a makarantar jinya, kina dawowa kina warin asibiti ina toshe hanci ina cewa a ba ki kwanonki daban. Shekara huɗu a ɗakin marasa lafiya. Karatun lafiyar jama'a a kan haka. Wannan takardar ta dokokin bincike da kike sake jarrabawarta duk bayan 'yan shekaru kamar lasin tuƙi. Ingilishin da kike yi da kwamfuta har ƙannenki na kwaikwayonki. Na jera difilom ɗin a bangon shago, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji tarihinsu ko bai tambaya ba. Na tsaya jiya na dube su ɗaya bayan ɗaya, ban ga wadda aka koya miki ce wa ubanki a'a ba. Wannan ban san inda kika samo ta ba. Ba a wurina ba dai.

Za ki buƙace ta a can. Babban lokotoro zai ce adadin mutane bai cika ba, wata na ƙarewa, ki ɗan sassauta. Mai unguwa zai aiko da ɗan'uwansa. Wata uwa za ta durƙusa miki da yaron da shekarunsa suka gaza kaɗan. Duk za su zo da fuskar da na zo miki da ita, wasu da kuka, wasu da barkwanci. Mai barkwancin ya fi haɗari, domin yana sa ki rubuta kina dariya. Za su ce kina da taurin zuciya, ki bar su su ce. Ki dai faɗi a'ar da ladabi, ki nuna wa mutum ƙofar da zai bi ya sami magani a wani wuri, kada ki bar shi tsaye. Kuma ki ci abinci. Na san ki, in aiki ya yi yawa sai ki wuni a kan shayi da burodi.

Yau Juma'a, na dawo kan takardar.

Da safe na je asibitin. Na zauna a benci har sau biyu ina tashi in tafi. Da aka kira ni, lokotoron na ganina ya fara murmushi, ya ce, "A'a, mai suma don mata! Ai sai Litinin." Bakina ya buɗe zai ba shi wata zolayar, na kama shi da ƙyar. Na ce, "Lokotoro, na zo gyara amsa biyu." Na gaya masa faɗuwar bara, da fuskar, da jiƙon. Murmushin ya tafi. Ya jawo dosiyena. Na zaci zai yaga shafin ko ya goge, yadda muke wanke allo in mun yi kuskure, malam ya zo ya tarar da shi fes. Sai ya ja layi ɗaya siriri a kan a'ar, yadda har yanzu ana iya karanta ta, ya rubuta gaskiyar a gefe, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Na ce, "Ba za ka goge ba?" Ya ce, "A nan ba a gogewa." Ya tambaye ni me ya dawo da ni. Na ce na gaji.

Sun cire ni. Ya rubuta mini takarda zuwa wurin lokotoron zuciya, ya ce in bar jiƙon. Na ce zan bari. Kin ga ban ce na bari ba, ina koyo.

Ba zan ɓoye miki ba, na so maganin nan. Wanda nake sha shekara uku bai sauke komai ba, kaina na sarawa, zare na rabuwa biyu a idona in na zo sa shi a allura. Tun ranar da na faɗi, duk safiya sai na taɓa fuskata kafin in yi salati. Ina jin tsoro, Uwata. Abin da ya kamata in gaya miki ke nan ranar, maimakon maganar jandarma. Amma kada ki dawo saboda wannan, kada kuma ki raba hankalinki biyu. Innarki za ta raka ni wurin lokotoron zuciyar, ta ce ita za ta riƙa amsa tambayoyin, ni in buɗe baki kawai in an ce in nuna harshe.

Ki yafe mini kwana biyar ɗin nan. Ki tafi aikinki ba ki da abin ɓoyewa a kaina.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare hannunki daga rubuta abin da bai faru ba, ya ba wa waɗanda za su miƙa miki jikinsu lafiya. Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya saka wa Madam Onorin da alheri duk inda take. Allah ya yi miki albarka, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Mahaifinki,
Sanusi Tela